Wa Zai Durƙusa wa Sang-gil?

Shafi na 19

Masu zagin Gwaggo Nam-hui a ƙarƙashin shafin da ya wuce, na ga saƙonninku, wasu har sun ba ni dariya. Ku dai rage wani abu a cikin zagin, don ban san wanda za ku ɗora wa laifi ba idan kun gama karanta na yau.

*

Tun kafin rana ta leƙo ta bayan dutse Hye-ran take tsugune gaban kasko a kicin ɗin gidan surukinta, tana tsoma yankan kifi cikin fulawa da ƙwai tana jerawa a mai. Safiyar Chusok ce, bikin girbin kaka, ranar da kowane gida yake shirya wa magabatansa tebur. Kusan shekara ashirin ke nan tana wannan suyar a gidan Gwon, a ƙauyensu na gefen Andong, amma ko loma ɗaya ta abin da ta soya ba ta taɓa kaiwa bakinta ba.

Sharaɗin da mijinta Sang-gil ya ƙulla da mahaifinsa ke nan tun suna sabon aure. Matarsa za ta dafa, za ta wanke, amma ba za ta durƙusa wa matattu ba, ba za ta ci abin da aka ajiye musu ba, 'ya'yanta ma haka. Da zarar maza sun shiga babban ɗaki sun ja ƙofa, sai ta kwashi yaranta su shige ɗakin baya su yi sujadarsu. Shi kuwa Sang-gil, da yake shi kaɗai ne ɗa namiji a gidan, dole ya shiga cikin maza. Ya gaya mata can baya yake tsayawa, kansa a sunkuye, yana addu'a a zuci har a gama.

Bana babu Sang-gil. Ciwon hanta ya ɗauke shi lokacin da itatuwa suke fure.

Nam-hui, yayarsa, tana zaune a gefe tana yanke kawunan tuffa tana ɗorawa a kwanon tagulla. Ba ta ɗago ba ta ce,

"Dikoniya, a rage wutar nan. Kada ki ƙona wa aljanu karin kumallo."

Hye-ran ta rage wutar. Ta saba. Tun ranar da ta shigo gidan nan Nam-hui ba ta taɓa kiran ta da sunanta ba, sai dai da muƙaminta na coci, kuma yadda take jan kalmar kaɗai ya ishi mutum zagi.

Can Nam-hui ta sake magana, kamar da tuffar take yi. Wai Baba tun jiya ya sa aka buɗe tsohon akwati aka fito da rigar bikin da Sang-gil ya sa yana yaro, ita ce ma ta goge ta. Wai hannun ya ɗan yi wa Ye-chan, ɗan Hye-ran, tsawo, amma an naɗe.

Hannun Hye-ran ya tsaya a cikin fulawa.

Dama ta san za a zo nan. Shi ya sa tun kafin su baro gidansu na birnin Daegu ta zaunar da Ye-chan a gabanta, ta riƙe hannuwansa biyu, ta yi ta bita da shi abin da zai faɗa idan kakansa ya kira shi. Yaron ɗan shekara goma sha uku ne, mai sanyin hali kamar ubansa, amma ba ta jin tsoronsa. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ita kuwa ta tanƙwara nata tun kafin su iya tafiya. A gidanta ba a taɓa kwana ba a yi sujadar iyali ba. Ana gama cin abincin yamma sai a goge ɗan gajeren teburin, kowa ya ɗauko matashin zamansa, a yi waƙar yabo, kowa ya kawo ayar da ya haddace. Wanda ya yi tuntuɓe a aya ba shi ba talabijin. Sang-gil ne yake rufewa da addu'a, hannunsa ɗaya a kan 'yarsu Ju-eun, ɗaya a kan Ye-chan. Ju-eun ta girma ta zama mai kaɗa fiyano a sujadar matasa, Ye-chan ya ci gasar hadda ta makarantar Lahadi, Fasto kuwa idan zai ba da misalin gidan da aka gina a kan bangaskiya, gidansu yake ambata, mata suna juyowa suna kallonta.

Ba a banza ta samu wannan ba. Akwai shekarar da ta tarar da Ye-chan, yana ɗan shekara uku, da wainar shinkafa ta kan teburin matattu a bakinsa, kakarsa ce ta ba shi. Yatsa ta sa ta ƙwaƙulo ta a gaban tsohuwar. Tsohuwar ta koma bayan randunan miya ta yi ta kuka, Hye-ran kuwa ta kai yaron famfo ta wanke masa baki. Ko a ranar ba ta ji ta yi laifi ba. Rai take karewa.

Bayan rasuwar ma ba ta bari sujadar ta mutu ba. Takan ajiye matashin Sang-gil a wurinsa, ita ta rufe da addu'a, kullum kuma da magana ɗaya take sallamar yaran: Abbanku yana wurin Ubangiji, yana jiran mu.

Inuwa ta rufe ƙofar kicin. Da ta ɗago sai ta ga surukinta, Baba Gwon, cikin farar doguwar rigarsa ta bukukuwa, yana dogare da sanda. Tsohon da tun da take a gidan ba ta taɓa ganin ƙafarsa a bakin kicin ba. Ta miƙe da sauri tana goge hannu.

"Uwar Ye-chan," ya ce, "aron yaron nan na zo."

"Baba, akwai alkawari."

"Wanda na yi alkawarin da shi ya mutu."

Ta sunkuyar da kai, amma ba ta ja da baya ba. Cikin ladabi ta tuna masa cewa ba ta taɓa ƙin aikin gidan nan ba, ba ta taɓa fashin zuwa ba ko da ciki ko da goyo, abu ɗaya kawai ta roƙa, kuma an ba ta. Tsohon ya saurare ta har ta gama.

"Na durƙusa wa ubana," ya ce. "Na durƙusa wa kakana. Yau ma zan durƙusa musu, ko da sai an ɗaga ni. Amma uba ba ya durƙusa wa ɗansa. Gwiwata ba ta da izinin sauka a gaban Sang-gil. Ɗansa ne kaɗai zai iya. In yaron nan bai zuba masa giya ba, duk magabatan da ke ɗakin can za su sha, ɗana yana zaune yana kallo."

"Baba, Sang-gil ba ya jin ƙishirwa. Yana inda ba a jin ta."

"Kofi ɗaya ne. In an gama ki kai shi cocinku ki wanke shi da duk abin da kuke wanke mutane da shi."

"Ba zan iya ba, Baba."

Ya daɗe yana kallonta. Idanunsa sun yi ja, irin na wanda bai samu barci ba. Daga baya ya ce to, tunda ita ta ƙi, a bar yaron ya amsa da bakinsa. In ya ce a'a, magana ta ƙare, ba zai sake tayar da ita ba har ya koma ga iyayensa. Amma ta shigo ta tsaya, don kada gobe a ce an tsorata shi a bayan idonta.

Hye-ran ta yarda. A ranta har godiya ta yi wa Ubangiji da ya kawo abin da sauƙi haka.

Wannan ne karo na farko da ta taka babban ɗakin ana tsakiyar hidima. An buɗe wani allo mai naɗewa a jikin bango, an manna takardun sunayen magabata, an jera kwanukan tagulla sahu-sahu: shinkafa, miya, kifin da ta soya da hannunta, kanya, busasshiyar magarya, wainar shinkafa. Hayaƙin turare ya cika ɗakin. Ƙannen Baba Gwon da 'ya'yansu maza suna tsaye da safa, hannuwa a haɗe a gaba. A gefe guda an ajiye wani ƙaramin tebur shi kaɗai, a kansa hoton Sang-gil. Ta gane hoton. A harabar coci aka ɗauke shi ranar da aka naɗa shi dikon, furen ma yana nan a ƙirjin kwat ɗinsa. An yanke ta daga gefensa, sai ɗan kafaɗarta da ya rage.

Ye-chan yana tsaye kusa da kakansa cikin rigar ubansa, fuskarsa ta yi fari. Ju-eun tana bakin ƙofa tare da Gwaggonta, inda mata suke tsayawa.

Aka gama da magabata. Tsohon ya durƙusa da kyar ya tashi da kyar, wani ɗan ƙanensa yana riƙe da shi. Sannan ya matsa gaban ƙaramin teburin, ya cika kofin tagulla da giyar shinkafa, ya miƙa wa jikansa da hannu biyu.

Ye-chan ya mayar da hannuwansa baya.

"Kaka, ka yi haƙuri," ya ce. "Ni na Yesu ne. Ba na durƙusa wa kowa sai Allah."

Daidai yadda suka yi bita, ko kalma bai canja ba. Wani sanyi ya ratsa ƙirjin Hye-ran. Da a nan maganar ta tsaya, da ta koma Daegu ta ba da shaida a gaban zumuntar mata ranar Laraba.

Amma tsohon bai sauke kofin ba. Ya sunkuyo daidai fuskar yaron, a hankali ya ce,

"Ɗan nan, ba gunki ba ne. Dube shi. Ubanka ne."

Ye-chan ya kalli hoton, ya kalli uwarsa. Amsar da aka koya masa ta ƙare, ga maza sun zuba masa ido, ga kofi a gaban hancinsa. Sai tsoro ya sa ya shiga zaro sauran abin da ya sha ji a gida, abin da ba a taɓa nufin ya fito waje ba.

"Ba Abba ba ne. Umma ta ce matattu ba sa zuwa cin abinci, aljanu ne suke zuwa su zauna a wurinsu. Ta ce duk wanda ya kai goshinsa ƙasa a nan ya yi musun Ubangiji. Wuta zai shiga, ko wane ne."

Kofin ya karkace a hannun tsohon, giyar ta zubo ta bi yatsunsa ta ɗiga a daɓe.

Daga bakin ƙofa sai aka ji dariya, wata busasshiyar dariya marar daɗi. Nam-hui ce.

"Ko wane ne?" ta ce. "To ɗan Dikoniya, sai ka fara yi wa ubanka kuka."

"Nam-hui," in ji tsohon, "rufe bakinki."

"Na rufe shi shekara da shekaru, Baba. Yau a gabanka aka kira uwata aljana, aka ce kai ɗan wuta ne. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Ta juyo ga Hye-ran, ta faɗe shi duka ba ta rage ba. Duk Chusok, duk sabuwar shekara, Sang-gil ne yake fara durƙusawa. Tun da gwiwar Baba ta lalace shi ne ma yake zuba giyar, shi yake zagaya kofi a kan turare, shi yake fara kurɓa in an gama. Babu goshin da daɓen nan ya sani kamar nasa.

"Kina can ɗakin baya kina ƙwala waƙa don ki danne mu," ta ce, "dikon ɗinki yana nan goshinsa a ƙasa. Muna jin muryarki tana shigowa ta bango. Wani lokacin har tausayinki nake ji, sai in tuna halinki in fasa."

"Ƙarya kike yi, Yaya."

"Ga Baffa nan, tambaye shi."

Hye-ran ta kalli ƙanen surukinta. Ya kalli safarsa. Ta kalli na kusa da shi, shi ma haka. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mazan da take zuba wa abinci duk shekara suna ce mata an gode, ba wanda ya iya haɗa ido da ita. Ashe duk sun sani. Matansu ma sun sani, don babu abin da yake kwana a ƙauye. Ita kaɗai ce take shiga tana fita da kai a sama, tana ganin ta fi su haske.

Sai wani abu ya faɗo mata. Duk shekara idan aka buɗe ƙofar babban ɗaki, Sang-gil ba ya zuwa wurinsu kai tsaye. Sai ya biya ta famfon tsakar gida ya daɗe yana kurkure baki. Ta taɓa tambayarsa, ya ce hayaƙin turaren ne yake maƙale masa a wuya. Har shafa masa baya ta yi a ranar, tana ce masa Allah yana ganin haƙurinsa.

Ta juya ga surukinta.

"Baba, tilasta shi ka yi."

"Ban taɓa ba," in ji tsohon. "Shekarar farko ya tsaya a baya kamar yadda ya gaya miki. Shekara ta biyu na waiga na gan shi a ƙasa. Ban tambaye shi dalili ba, shi ma bai faɗa ba. Abin da kawai ya roƙa shi ne kada a gaya miki."

Ba ta yarda ba. Ba za ta yarda da maganar mutanen da suke da amfani a cikin ƙaryar ba. Ta ce mijinta mutum ne da ya kwana yana azumi saboda ceton gidan nan, mutum ne da ya koya wa 'ya'yansa dokokin Allah da bakinsa, yanzu da ba ya nan ya kare kansa shi ne za a shafa masa baƙi don a ƙwace mata ɗa. Ta miƙa hannu ta ce Ye-chan ya zo su fita.

"Gaskiya ne, Umma."

Ba daga cikin maza maganar ta fito ba. Ju-eun ce. Yarinyar tana tsaye a inda take, 'yar shekara goma sha bakwai, doguwa kamar ubanta, idanunta a bushe.

"Na gan shi."

"Ju-eun, ki san abin da za ki faɗa."

"Ina da shekara tara. Na ce miki zan je banɗaki, kika ce in yi sauri kada waƙa ta ƙare. Ƙofar nan ba ta rufu sosai ba. Na ga Abba a ƙasa. Da ya ɗago muka haɗa ido."

Ta ba da sauran labarin da murya ɗaya, ba hawa ba sauka, kamar mai kawo hadda. Da yamma Abba ya ja ta zuwa kantin bakin hanya ya saya mata askirim, suka zauna a kan benci. Ta tambaye shi ko yanzu shi ma zai shiga wuta. Ya ce mata shi bai bauta wa kowa ba, gaisuwa kawai ya kai wa iyayen ubansa, don ba zai iya tsayawa a baya yana kallon tsoho shi kaɗai a ƙasa ba.

"Na ce masa to mu gaya wa Umma mana. Kin san abin da ya ce?"

Hye-ran ba ta so ta sani.

"Ya ce, Allah zai gane, Ummanki ce ba za ta gane ba."

Da mari aka yi mata da ya fi sauƙi. Mutumin da ta kwana da shi a shimfiɗa ɗaya tun tana amarya, wanda ta yi jinya har ya zama ƙashi da fata, wanda ta rufe wa ido da hannunta, ashe ya fi jin tsoronta a kan Allahn da suke bauta wa tare. Ya gwammace ya ɗora wa yarinya 'yar shekara tara kayan da shi ya kasa ɗauka da ya zauna da matarsa ya faɗa mata gaskiya. Ta kalli hoton, yana ta murmushinsa na mutumin kirki da fure a ƙirji, ta ji da a ce yana da rai da ta shaƙe shi.

"Shekara takwas," ta ce wa 'yarta, "kina zaune a teburina kina cewa amin."

"Me kike so in ce? Duk yamma kina faɗar abin da zai sami masu durƙusawa, shi yana gefenki yana gyaɗa kai, ni ina kallonsa. Tun da ya rasu ban ƙara karɓar Jibin Ubangiji a coci ba, ba ki ma lura ba. Fiyano kike saurare, in ban yi kuskure ba shi ke nan."

"Ni kike faɗa wa haka?"

"A asibiti ma ni Abba ya kira, lokacin da kika tafi addu'ar asuba. Ya ce in ya tafi kada mu bar Kaka shi kaɗai a gaban teburin nan. Bai ce a ba shi abinci ba, bai ce yana tsoron yunwa ba. Maganar Kaka kawai ya yi, kada a bar shi shi kaɗai."

Tsohon ya juyar da fuskarsa ga bango. Kafaɗunsa suna motsi.

Sai Ye-chan ya yi magana. An manta da shi. Yana nan tsaye inda aka bar shi, naɗin hannun rigar ya warware ya rufe masa yatsu.

"Umma, Abba yana ina?"

Hye-ran ta buɗe baki. Amsar da take bayarwa duk yamma ta zo har kan harshenta ta tsaya, don ɗaya amsar, wadda ita ma ita ce ta koyar, tana tsaye a gabanta ta tare hanya.

"Ubangiji mai jinƙai ne, ɗana," ta ce. "Wataƙila Abbanka ya tuba kafin..."

"Sabuwar shekarar nan ma," in ji yaron, "ya shiga ɗakin nan. Yana rashin lafiya, na riƙe shi har bakin ƙofa."

"Ba mu san abin da ke tsakaninsa da Allah ba."

"Kin ce babu wataƙila a Maganar Allah. Kin ce mai cewa wataƙila ya riga ya fara faɗuwa."

Maganarta ce. Ranar da ya tambaye ta game da kakarsa da ta mutu ba baftisma ta faɗa masa haka, ta kuma hana shi sake tambaya. Yanzu ga shi ya dawo mata da ita cif, yadda yake dawo da aya, yana jiran ta ce ya yi daidai.

"Kin ce yana jiran mu," yaron ya ce, hawaye sun fara zubo masa. "Kullum kina cewa yana jiran mu. A ina?"

Ta ji idanun gidan Gwon gaba ɗaya a kanta, ba ma na mugunta ba, na jira, kuma wannan ya fi ciwo. Abu ɗaya ya rage mata, wanda ta iya tun fil azal, wato ta kwashe 'ya'yanta ta fita.

"Ku ɗauko jakunkunanku," ta ce. "Gida za mu. Wannan maganar a gaban Fasto za a yi ta, ba a nan ba."

Ye-chan bai motsa ba. Ju-eun ce ta motsa, amma ba ta nufi ɗakin baya ba. Ta ɗaga ƙafa ta tsallake dokin ƙofa, ta ratsa tsakanin mazan, ta zo gaban kakanta ta miƙa hannu biyu.

"Kaka, ba ni."

Nan take ɗakin ya kama gunaguni. Baffa ya ce tun da aka kafa gidan Gwon mace ba ta taɓa zuba giya a ɗakin nan ba, ba kuma yau za a fara ba. Wani ya ce ga ɗa namiji a tsaye, me ya kawo 'ya. Nam-hui da kanta ta kira sunan yarinyar, ta ce ta dawo, ba wurinta ba ne. Ju-eun ko waige ba ta yi ba.

"Ƙanena ba zai iya ba," ta ce wa tsohon. "Kun gani, an riga an tsaga shi biyu. Ni 'yar Sang-gil ce. In jinina bai isa ba ka faɗa min in fita."

Baba Gwon ya goge fuska da hannun rigarsa. Ya kalli ƙannensa, ya kalli hoton ɗansa, ya kalli yarinyar. Sannan ya ɗauki butar giya ya cike abin da ya zube, ya sa mata kofin a hannu.

Hye-ran ba ta san lokacin da ta ratsa ɗakin ba. Ta damƙi tsintsiyar hannun 'yarta, daidai lokacin da gwiwar yarinyar ta fara lanƙwasa.

"Ajiye shi."

"Sake ni, Umma."

"Ni na haife ki, ni na miƙa ki ga Ubangiji kina cikin zanen goyo. Ba zan tsaya ina kallo ki jefa ranki ba. Ajiye shi, Ju-eun."

Yarinyar ta juyo. Karo na farko a ranar idanunta suka kawo ruwa, amma hannunta bai saki kofin ba. Ta nuna ƙanenta da haɓa.

"Ga Ye-chan nan, har yanzu ba ki amsa masa ba. In wanda ya durƙusa a nan ya hallaka, dube shi ki ce masa Abba yana wuta, ni kuma in ajiye kofin nan in bi ki, ba zan ƙara taka gidan nan ba. In ba za ki iya faɗa ba, Umma, sake min hannu."

Ye-chan ya ɗago jajayen idanunsa ya zuba wa bakin uwarsa.